Ranar gwaji aka sauya min tayoyi

Daga admin: Wani ɗan uwanmu ne ya turo wannan, ya roƙi a sakaya sunansa. A karanta har ƙarshe kafin a yi magana.

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Na fi shekara biyu ina karanta matsalolin mutane a nan ina wucewa, yau abin ya zo kaina. Don Allah ku ba ni shawara kafin ranar Asabar, in ta wuce shawarar ba ta da sauran amfani. Amma wanda ya san "Allah sarki" kawai zai rubuta min, ya riƙe abarsa, tun ina yaro na ƙoshi da ita.

Ni gurgu ne, shan inna ta taɓa ni ina da shekara uku, yanzu shekaruna ashirin da tara. Ƙauyenmu yana yankin Ɗambatta, irin ƙauyen da in ka fito zaure sai gona. Sana'ata gyaran takalmi a bakin titi, ni da ban taɓa kashe takalmi da ƙafata ba, silifa ma a hannu nake sa ta don tura katako. Katakon nan shi ne ƙafata, allo ne mai tayoyi huɗu a ƙasa, ina zama a kai in riƙa turawa da hannu. Babanmu ya rasu shekara shida ke nan, 'yan uwana mata duk suna gidajensu, yayana yana walda a cikin Ɗambatta da iyalinsa, saura ni da Umma a gida. Duk katakon da na taɓa hawa a rayuwata Yaya ne ya haɗa min, wannan ba zan ci haƙƙinsa ba.

Sai na ɗan yi muku bayanin taya, in ba haka ba za ku ce a kan ƙaramin abu nake tayar da jijiyar wuya. Mai tafiya da ƙafa gani yake taya taya ce. Taya mai faɗi tana kama ƙasa, ba ta nutsewa a yashi, ba ta zamewa, ita ce daidai da lungunan ƙauye da hanyar gona, amma nauyi gare ta, kowace turawa sai ka ji ta a kafaɗa, kuma in ka so juyawa sai ta yi maka gardama. Siririya mai tauri kuwa a yashi ba ta da amfani ko na sisi, amma ɗora ta a kan siminti ka ga aiki, turawa ɗaya sai ka yi nisa, in ka karkata jiki ta zame ta juya da kai nan take. Sannan akwai ƙarfen da ke riƙe da tayoyin, yana da roba da noti a tsakiya, in ka ɗaure notin katako ya miƙe ɗoɗar, in ka sassauta ya riƙa bin jikinka. In ƙarfen ya yi tsawo ba ka kifewa da wuri, amma tayoyin sai su leƙo waje daidai inda hannunka yake sauka. Shi ya sa katako biyu gare ni, na gida mai faffaɗar taya, da na ƙwallo.

Eh, ƙwallo nake yi. Mu ma muna da tamu, a kan katako ake zama a buga da hannu a filin siminti. Wani ɗan wasa ne ya gan ni a tashar Ɗambatta ina tsere da mai baro, ya ce in zo Kano ranar Asabar in gani. Tun daga ranar kusan kowace Asabar sai na hau bas. Tayoyin katakon ƙwallona daga jikin wani tsohon allon wasan Turawa na ciro su da ƙarafunansu, a wajen 'yan gwanjo, bayan na yi wata da watanni ina cigiya. Shekara biyu ina gyara su, in ƙara washa, ɗan zoben nan na ƙarƙashin noti, in rage, in sassauta noti in ɗaure, har suka zauna daidai da nauyina. Ba yabon kai ba, a filin nan in na saki hannu mutum biyu ne kawai suke kamo ni.

To sai kocinmu ya ce za a yi gwaji a zaɓi waɗanda za su zama 'yan ƙungiya na dindindin. Wanda aka ɗauka za a ba shi wurin kwana a birni, kuma zai shiga shagon da suke ƙera keken guragu ya koyi aiki. Ku da kuke da ƙafa ban san yadda zan fahimtar da ku ba. Shekara goma sha ɗaya ina zaune a gindin darbejiya ɗaya ina kallon ƙafafun mutane suna wucewa, wannan ne karo na farko da aka kira ni wani wuri saboda abin da na iya, ba don a miƙo min sadaka ba. Na gaya wa Umma, ta ce Allah ya zaɓa mafi alheri, ta ci gaba da tankaɗenta.

Ana saura kwana huɗu na ga faranti ɗaya na ƙarfen ya ɗan tsage, na aika wa Yaya katakon ya ɗan taɓa min da walda, aikin minti goma. Kullum na kira sai ya ce gobe. Sai ranar gwajin da safe, ina cikin bas an kusa cika, ya zo da gudu a babur ya miƙo shi ta taga a ɗaure cikin buhu, ya ce Allah ya ba da sa'a. Har godiya na yi masa. Sai da na isa fili na kwance buhu na ga abin da ya yi. Ya cire ƙarafunana gaba ɗaya da tayoyinsu, ya liƙa nasa dogaye da ya yanka daga rodi, babu roba babu noti, ya sa wasu tayoyi baƙaƙe masu faɗi irin na ƙafar janareta. Wallahi sai da na juya katakon sau biyu ina duba ko ba nawa ba ne.

Babu wanda zai ara maka nasa ranar gwaji, kowa ta kansa yake yi. Haka na shiga. In na tura sau uku abokin karawata sau ɗaya ya tura, in ƙwallo ta bi ta gefena sai na ɗaga gaban katakon da hannu kafin in juya, yaran da nake koya wa wasa suka riƙa wuce ni suna waiwaye. Tayoyin da suka leƙo waje suka riƙa cin bayan hannuna, kafin a tafi hutu silifar hannun dama ta jiƙe da jini. Ban fita ba, na buga har ƙarshe, aka kira sunaye babu nawa. A bas ɗin dawowa wata mata ta ga hannuna ta miƙo min kuɗi tana cewa bawan Allah sannu, ban san lokacin da na daka mata tsawa ba, har yau ina jin kunyar abin.

Ban wuce gida ba, shagon Yaya na sauka. Ya ce wai don lafiyata ya yi, wai siraran tayoyin nan wata rana sai sun kifar da ni a gaban mota, wai shi ne mai walda ya fi ni sanin ƙarfe. Na ce masa ya san ƙarfe amma bai taɓa zama a kansa ba. Na tambaye shi ina ƙarafunana, ya ce ya zuba su cikin kayan gwangwan an tafi da su. Nan na gaya masa maganganun da ban taɓa zaton zan gaya wa babba ba, a gaban maƙwabtan shagonsa. Na ce ya ji tsoro ne in na tafi ɗawainiyar Umma ta dawo kansa, shi da tun rasuwar Baba bai taɓa yin kwana uku a jere a gida ba, ni gurgun ne mai ba ta maganin hawan jini, ni ne mai kiran mai ruwa, ni ne mai zuwa kemis. Na ce ya ga ya samu mai gadi kyauta wanda ba zai iya guduwa ba. Sai kawai ya mayar da gilashinsa ya ci gaba da walda, abin nan ya fi zagi ƙona min rai. Sati biyu ba mu gaisa ba.

Ranar Litinin koci ya kira ni. Ya ce ya san ba wasana ya gani ba ran nan, mutum ɗaya cikin waɗanda aka ɗauka ya janye, in zo Asabar da kayan kirki ya sake duba ni, amma daga wannan ba zai iya riƙe min gurbi ba, akwai masu jira. Na yi murna, na fara kiran mutane ina neman aron tayoyi.

Jiya bayan la'asar Umma ta ce in shiga ɗakinta in ɗauko mata carbi. Ku masu tsayuwa in za ku ɓoye abu sai ku tura shi ƙarƙashin gado, don ku ba kwa ganin can sai kun durƙusa. Ni kuwa idona daidai nan yake. Ina shiga na hango wani ƙunshi a bayan kwallayenta, an naɗe shi da tsohon kallabinta, gefen taya ɗaya ja ya leƙo. Ko a cikin taya dubu zan gane ta, ni na kankare mata gefe da reza. Na daɗe a wurin ban motsa ba, har Umma ta ɗaga murya daga tsakar gida ta ce, "Ko ba ka gan shi ba ne?" Na ce na gani, na ɗauko carbin na kai mata.

Na tura katako har bayan masallaci na kira Yaya. Na gaya masa abin da na gani, ya ce, "Ta san ka gani?" Na ce a'a. Sai ya gaya min. Ashe washegarin da na aika katakon, Umma da ko biki ba ta zuwa saboda jiri, ta ce min za ta dubiya, ta hau mota ita kaɗai har shagonsa, ta zauna a benci ta ce ba za ta tashi ba sai ya yi. Ya ce kalmarta ita ce, "Ka yi masa wanda ba zai yi gudu ba." Ya ce mata za a ji min ciwo a rai, ta ce ran zai warke. Da ya cire ƙarafunan ta karɓe su da hannunta, ta ce ta san shi, in na yi masa kuka zai ba ni. Ta ce ita ta goya ni har na shekara tara, ta san yadda mutanen birni suke tsallake wanda ya faɗi. Yaya ya ce ya gwammace in tsane shi da in tsane ta, shi ya sa ya haɗiye duk abin da na faɗa.

Kada ku zata na huce da shi, ban huce ba. Yana da baki, zai iya ce mata a'a, zai iya kirana a ɓoye, zai iya cewa Umma ki dawo wurina in ya tafi. Bai ce ba, domin abin ya yi masa daidai shi ma. Amma ita ce ban san inda zan ajiye ta a raina ba. Matar nan ita ta wanke min hannun nan da ruwan gishiri ranar da na dawo, tana hura min tana cewa sannu, alhali ta san abin da ya yanke ni. Na yarda tana tsoro a kaina. Na kuma san tana tsoron zama ita kaɗai a gidan, ba za ta taɓa faɗa ba. Abin da ya fi ci min rai shi ne su biyun sun zauna sun yanke iya nisan da zan yi a duniya, babu wanda ya ga ya kamata a tambaye ni, kamar akuyar da ake rage wa igiya. Yau da safe ta kawo min koko da ƙosai, na sha, na ce na gode, na kasa kallon fuskarta.

Ga inda nake neman ku. Mayar da ƙarafunan nan ba wuya, akwai mai walda a mahaɗar titinmu, awa ɗaya ta ishe shi. Zan iya shiga ɗakin in tana wanka in ɗauki abuna, nawa ne, ba sata ba ce, amma zan fita daga gidan kamar ɓarawo, ta duba ƙarƙashin gado ta gane, ga hawan jini, ga ba kowa kusa. Zan iya samun aro in bar su a inda suke, in tafi kamar ban sani ba, amma na sani, kuma Allah ya san na sani. Ko kuma in zauna a gabanta in ce Umma na gani, ki ba ni da hannunki ki sa min albarka. Wannan shi ne daidai, na san da yawanku shi za ku ce. To amma ku sani, har yau Umma ba ta taɓa buɗe baki ta ce min kada in je ba, shi ya sa ma ta bi ta hannun Yaya. In na tambaye ta, na tilasta mata ta faɗa. In kuwa ta faɗa, ni na san kaina, ba zan iya tsallake maganarta in hau bas ba, zan koma gindin darbejiya in ci gaba da ɗinke takalman mutane har in tsufa, kuma ina tsoron ba zan yafe mata ba.

Malamai na cikin nan, tafiya ba tare da an hana ni da baki ba saɓa wa uwa ne? Iyaye mata, in ɗanku ne, wanne zai fi yi muku sauƙi, ya tambaya ko ya tafi? Ni dai yau Laraba, tana can tsakar gida tana gyaran wake, yanzu ta leƙo ta ce me zan ci ranar Asabar ta jiƙa tun da wuri, tunda ina gida.