Wa Zai Shige Gaba a Baƙar Hanya

Litinin, 13 ga Janairu

Wai an yi zaman iyali a kan hutun Fabrairu, ba a kira ni ba! Shekara talatin da huɗu ni nake shirya tafiyarmu ta zamiyar ƙanƙara a duwatsun Tirol. Ni ke buga wa Notburga mai masauki waya, ni ke zaɓar hanyoyi, ranar farko kuma ni ke shigewa gaba a baƙar hanya, mai gangaren tsiya, kowa ya bi sawuna. Babba a gida shi ne a gaba, haka mahaifina ya yi har ya bar duniya. Yau 'yata Gerlinde ta miƙo min takarda, an gama komai. Na duba, sunana yana cikin masu yawo a ƙafa. Ni! Tare da surukarta mai dogara sanda.

Laraba, 15 ga Janairu

Na kira Notburga. "Alois, kai ne? Ɗakinka na ƙasa yana nan, kusa da murhu." Na ce ɗakina na sama ne, mai kallon dutse. Ta ce, "To ai 'yarka ta ce gwiwa..." Wato har can ƙauyen an san zancen. Gwiwar da ba ta kai ƙara wurin kowa ba.

Asabar, 18 ga Janairu

Gerlinde da mijinta sun zo cin abincin rana. Na yi musu romon nama da dunƙulen burodi, da na sani da ban wahalar da kaina ba.

Gerlinde ta ajiye cokali ta ce, "Baba, bara na gan ka."

"Kin ga me?"

"Ka faɗi a kwanar nan ta gindin itatuwa. Katakon zamiyar bai saki ƙafarka ba. Ka tashi kana dariya, amma fuskarka ta yi fari fat."

Sai mijinta Ewald ya tsoma baki, wai, "Baba, shuɗiyar hanya ma akwai daɗi." Shuɗiya! Inda ake koya wa 'yan shekara huɗu. Shi da yake gangarowa kamar buhun dankali, shi ne zai ba ni shawara. Raina ya ɓaci ƙwarai. Ban fito da kek ɗin tuffa ba, ni kaɗai zan cinye abina.

Lahadi, 19 ga Janairu

Gerlinde ta kira sau uku. Ban ɗauka ba.

Alhamis, 23 ga Janairu

Na gwada irin durƙuson da ake yi in ana gangara dutse, a tsakar ɗaki, kamar kowace shekara kafin tafiya. A da minti biyu nake yi ina karanta jarida. Yau daƙiƙa arba'in. Agogon kicin ɗin nan dama ba shi da kirki. Sai da na kama tebur na miƙe, amma wannan ba ruwan kowa.

Talata, 28 ga Janairu

Na kai katakaina na zamiya shagon Vinzenz, ya wasa gefensu ya shafa kaki. Ya ɗauko takardar saita maɗaurin da ke riƙe takalmi a jikin katako: nauyi, tsawo, shekaru, sannan aji. Aji ɗaya, da ka ɗan karkace maɗaurin zai sake ka. Aji uku kuwa riƙewa yake gam, na masu gudu ne. Tun ina saurayi uku nake rubutawa.

"Uku," na ce.

Ya zare tabarau. "Alois, tare muka yi makaranta, kada ka raina min hankali. Ni na koma ɗaya tun shekara biyar."

"Kai dama matsoraci ne tun muna yara."

"Na yarda. Sa hannu in ɗaure maka ukun, ƙafarka ce, ba tawa ba. Amma wa ke bin bayanka a baƙar hanya?"

"Gerlinde mana."

"To ita za ta fara isowa kanka."

Na bar masa takardarsa da katakon na fice. Mutumin banza. Shekara sittin da sanin juna, ya rasa abin da zai faɗa min sai wannan. Har na iso gida maganar na cina.

Juma'a, 31 ga Janairu

Na koma shagon, don na manta safar hannuna ne kawai. Takardar tana nan a kan kantar shagon. Na cike na sa hannu. Vinzenz ya duba lambar, ya ga ba uku ba ce, ya juya yana neman sukundireba. Da ya yi murmushi da na yaga ta.

Na kira Gerlinde. Na ce ta goge sunana daga masu yawo a ƙafa, zan hau dutse, kuma ɗakin sama nake so. Sannan na ce bana ita za ta shige gaba, don dole wani mai hankali ya tsaya a baya ya riƙa tsince Ewald. Dalilin ke nan, babu wani.

Sai ta ce, "To, Baba. Zan tafi a hankali."

Na ce kada ta kuskura. Ba haka na koya mata ba.