Jan Fentin da Kuka Bari a Bakin Rijiyar Mijina

Zuwa ga Shugaban Sashen Binciken Ƙwayoyin Cuta na jami'ar da ɗiyata take karatu.

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, ina gaishe ka da aiki, ina gaida iyali da ɗalibai. A gaida min har ƙwayoyin cutar da na ji kuna kiwo a ɗaki mai sanyi, kuna ba su abinci a kan lokaci. Ina fatan su ma suna lafiya.

Ni ce mahaifiyar Mariyama, ɗalibarka. Ina zaune a wani ƙauye na karkarar Bazaga. Na yi koleji a Konni, saboda haka kada a ce wata tsohuwa ce take gaba da boko. Ga kukana.

Na ɗaya. Bara da rani mutanenka suka zo da farar mota, Mariyama na yi musu jagora, suka tsaya a rijiyar ƙofar gidanmu. Marigayi mijina ne ya gina ta sadaka, domin duk wanda ya sha, ladan ya iske shi a kabari. Na shimfiɗa musu tabarma, na dama fura. Ba su sha ba, kowa da gorar ruwansa. Suka sa safar hannu, suka rufe hanci da baki, suka ɗebi ruwa a ƴan kwalabe, mata na tsaye da guga suna kallo. Sai ɗayansu ya zana ƙaton gicciye da jan fenti a bakin rijiyar, suka hau mota.

Na biyu. Ga wani darasi da ba ya shiga madubinku na hangen ƙwayoyin cuta. A nan, jan fenti a bango yana nufin rusawa, duk wanda ya ga an faɗaɗa hanya ya san haka. Kuma mata sun ga masu ilimi sun toshe hanci kafin su taɓa ruwan da muke ba jarirai. Kafin rana ta faɗi gari ya ɗauka an kashe rijiya. Mariyama ta yi min bayani a waya cewa ja launin rukuninsu ne kawai, wani rukunin shuɗi yake sawa, don kada a ɗebi rijiya ɗaya sau biyu. Na faɗa wa mata. Suka ce ɗiyar gida ai ba za ta kushe rijiyar ubanta ba. Na goge fentin da toka da rairayi, ya ƙi fita, aka ce ga ta can tana ɓoye shaida. Fentinku dai mai kyau ne, wannan na yaba.

Na uku. Yanzu mai amalanke yana zuwa famfo mai nisa. Marar amalanke tabkin bayan gari take zuwa, inda shanu ke sha, jakai ke fitsari, yara ke wanka. Da damina zawo ya shiga yaran unguwa. Jikan maƙwabciyata a kan babur aka kai shi likita a Konni, sai da aka yi masa ƙarin ruwa. Ina taya ku murna. Kun zo neman ƙwayoyin cuta, ga shi kun yi mana shuka ta yi kyau. In za ku dawo, ku bar ƴan kwalabe, ku zo da duro.

Na huɗu. Duk sa'ad da na tambayi sakamako, sai Mariyama ta ce ana kan nazari. Daga baya ta yi suɓutar baki ta ce an karanta shi a wani taron masana, har an tafa. Madalla. Waɗanda ba su taɓa ganin rijiyar ba sun san abin da ke cikinta, ni mai alwala da ita ban sani ba. Na koya wa ɗiyata cewa wanda ya buɗe tukunyar mutane shi ke mayar da murfi, kuma baƙon kirki ba ya tafiya bai yi sallama ba. Ban san a wane aji kuke kwance wa yara wannan tarbiyya ba.

Ga roƙona. Ka zo da kanka, kada ka aiko Mariyama, ba za a yarda da ita ba. Ka tsaya gaban mai gari da liman bayan sallar Juma'a, ka faɗi abin da kuka gani, da Hausa. In ruwan yana da cuta, ka gaya mana maganinta. In ba ta da magani, ni zan rufe rijiyar da hannuna, don ba zan aika wa mijina lada gauraye da zawon ƴaƴan mutane ba. In kuwa ruwan lafiya lau ne, ka kankare fentinka, ka jawo guga, ka sha moɗa ɗaya mata na gani. Abin da zai dawo da su daga tabki ke nan, ba takarda ba.

Allah ya ƙara maka ilimi, ya haɗa maka da lura. Allah ya sa in ka bar abin sadaka a bayanka, kada wani mai ilimi ya wuce ta wurin da gwangwanin fenti.

Wassalam.

Mahaifiyar Mariyama,
karkarar Bazaga.