Takardar Dosso ta daina aiki, ƙanena ya ƙi ganin likita

Assalamu alaikum. Admin a ɓoye sunana. Don Allah ku ba ni shawara.

Satin da ya wuce an hana ni maganin ƙanena a wani kemis a Dosso ta Nijar. Ƙwaya tara ta rage masa.

Ni direban albasa ne, daga Aliero nake lodi in haura Nijar. Ban yi boko ba. Ƙanena ya yi, har ya zama hedimasta, yanzu yana zaune a Jega ana ce masa Malam. Yana da farfaɗiya. Duk duniya daga ni sai shi muka sani, ko matarsa ba ta sani ba.

Shekarar da aka yanke Kebbi daga Sakkwato ya fara faɗuwa, a gonarmu ta Karaye. Inna ta ce in aka kai shi asibitin nan ko aka sayi magani a kemis ɗin Jega, kafin la'asar gari ya ji, ba mai cin tuwo da shi, ba mai ba shi mata. Ta sa na dafa Alƙur'ani ba zan faɗa wa kowa ba. Na ɗauke shi a gaban mota na kai shi Dosso, likita ya duba shi sau ɗaya, ya rubuta takarda da Faransanci. Da wannan takardar nake sayo masa magani sama da shekara talatin, in ɓare ƙwayoyin daga kwali, in zuba a kwalbar da ba rubutu, in miƙa masa ta bayan gida. Ta bayan gida, domin Malam ba ya son baƙinsa su ga mai warin albasa a zaurensa.

Tsohon da ke sayar mini ya rasu. 'Yarsa ce a shagon yanzu, ta yi karatun magani. Ta duba takardar ta ce wannan ta ɗan shekara sha shida ce, mutumin yanzu yana da jikoki, ba za ta ba da ko ɗaya ba sai likita ya sake ganinsa. Na yi mata faɗa, amma gaskiyarta.

Na dawo na gaya masa. Ya ce shi ba ya zuwa wurin kowa, wai ai ya warke tuntuni, sha kawai yake don kada in ji na yi wahalar banza. Ya ce in na damu in shiga kasuwa in sayo wurin masu shigo da shi ba takarda. Ni zai gaya wa kayan nan? Na ga yadda ake cusa su ƙarƙashin buhuna, su yi kwanaki cikin rana a bakin iyaka, rabinsu alli ne. Da na ce masa haka sai ya ce, "Yaya, mi ka sani ga magani? Kai dai tuƙi."

Wannan mai ilimin kullum da safe shi ke tuƙa mota ya kai jikokinsa uku makaranta, a kan titin da tireloli ke bi. Na taɓa ganin abin da ke faruwa in ya yi kwana biyu bai sha ba. Shi bai taɓa gani ba, farkawa kawai yake ya tarar na goge masa baki.

Mutuncinsa bai dame ni ba, ya riƙe abinsa. Rantsuwar Inna ce ta ɗaure ni, kuma ta rasu, ba wanda zai warware mini. Babban ɗansa, uban yaran nan, in ya ji zai karɓe makullin motar ya kai shi asibiti ko yana so ko ba ya so.

Masu ilimin addini, in karya rantsuwar in yi kaffara? Ko in sayo na kasuwa in rufe ido? Kada wani ya ce in lallashe shi, na gama wannan.

Yanzu haka ina tashar Jega, na bar lodi ya wuce ni. Shagon ɗan nasa yana tsallaken titi, ina kallonsa.