Bargon da Gwaggo Ta Warware

Yaya Hadiza,

Assalamu alaikum. Ya gida, ya maigida, ya jinjiri? Mu a Boɗinga lafiya lau.

Kin san Gwaggo da ƙin ɗinkin keke. Ganin idonta ya yi rauni, sai na kai wa tela a Shagari bargon ƙyallayen da take haɗa wa jinjirinki, ya ƙarasa. Tana shafawa ta ce, "Wanga aikin keke na. Keke ya iya yi ma yaro addu'a?" Ta warware, ta sake ɗinkewa da lalube. Kunya ta kama ni.

Bargon yana hanya. Ɗinkin ya karkace, amma don Allah ki bugo waya ki ce mata a ciki yaron yake barci.

Ki gaida kowa, ki sa idonta a addu'a.

Ƙanwarki,
Rabi