Layin da Na Goge

Inna,

Bayan gaisuwa mai yawa, ya ƙafar taki? Ina fatan Yaya na shafa miki magani kullum.

An sake kirana tsohuwar ma'aikatarmu ta safiyo. Kwamfutar nan mai kama da firji, wadda taswirorin filaye ke cikinta, ta fara suma. Faifanta ya yi ta ƙas-ƙas, sai tsit. Ciwon yana cikin direba. Ba na mota ba, Inna, kar ki yi dariya: rubutu ne da ke koya wa kwamfuta magana da faifai. Marigayi Injiniya, ubangidana, shi ya rubuta shi.

Ɗakin aikinmu na nan yadda muka bar shi. Kujerarsa har yanzu a lotse take, na kasa zama a kai. Da rana tsaka ina karanta rubutunsa, sai na ji gyaran muryarsa a bayana. Na waiga, fanka ce.

Ki sa ni a addu'a.

Autanki

Inna,

Na ga saƙonki, Allah ya ƙara sauƙi.

Kin tuna shekara goma sha biyar baya, da rabin taswirorin suka lalace aka kori Injiniya? Akwai layin da ya sa a direban, don kwamfuta ta ɗan jira faifai kafin ta yi rubutu. Ni na goge shi, da rawar kan ƙuruciya, wai ta ƙara sauri. Da aka tsare shi gaban kwamiti, na yi gum, ina ce wa kaina ƙila ba shi ne sanadi ba.

Jiya na gano ciwon: faifan ya tsufa, yana son jira fiye da na da. Na je in mayar da layin, sai na tarar da shi a wurinsa. A ƙasa Injiniya ya rubuta: "An cire wannan, ya ci taswirori. Na mayar. Ba sai an san wanda ya cire ba." Kwanan watan, jajibirin zaman kwamiti ne.

Ashe ya sani, Inna. Kuma shi ya rubuta min takardar shaidar da na sami aikin da nake yi yau da ita.

Na ƙara tsawon jiran a layin, kwamfuta ta miƙe, kowa na yi min barka. Gobe zan je gidansa, matarsa na nan da rai. Ke da kika san mutane, faɗa min: da wace kalma ake farawa?

Gaishe da Yaya.

Autanki