Jan Awarwaron Matan Ɗantutture

Malam Rabe Tukur,
Unguwar Maƙera, Ɗantutture,
Gundumar Kurfi.
Litinin, 6 ga Yuni, 1988.

Zuwa ga Mai Girma Babban Jami'in Kiwon Lafiya,
Ƙaramar Hukumar Dutsin-Ma,
Jihar Katsina.

Ta hannun Malam Yunana, malamin asibiti, Kurfi.

Ranka ya daɗe,

GAME DA: BINCIKEN CIWON DAJIN MAMA DA DOKTA VERONICA SIMEON TA YI A GARINMU, DA RANTSUWAR DA AKA TAFI AKA BAR MU A CIKI

Bayan gaisuwa mai yawa tare da ladabi da biyayya, ina fatan wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da iyali da ma'aikatanka, amin. Ni ne mai suna a sama, manomi, na haura shekara sittin. Na yi elemantare a Kurfi na tsaya a aji uku, daga baya na ƙara da yaƙi da jahilci, saboda haka in ka ga rubutu ya karkace ka yi mini uzuri. Mutanen garinmu suna cewa na cika kallon abin da bai shafe ni ba, don ina tara duwatsu masu huda da gashin baƙin tsuntsaye. To wannan karon abin ya shafe ni, a cikin ɗakina yake kwance. Ga bayaninsa:

1. Ranar Talata, 11 ga Fabrairu, 1986, Dokta Veronica Simeon ta zo garinmu cikin farar mota, ita da ma'aikatan jinya mata biyu, daga wata makarantar koyon likita. Ta ce tana binciken ciwon dajin mama ne, tana so a riƙa gano shi tun yana kamar ƙwayar gyaɗa, kafin ya yi jijiya ya bi jiki. Aka rataya labule a ajin firamare, aka duba matan aure ɗaya bayan ɗaya. Ba ni da abin faɗa a kan halinta sai alheri. Ta durƙusa ta gaida dattawa, ta ci tuwon dawa da hannu, Hausarta da ɗan gargada amma ana ganewa.

2. Duk macen da aka duba ba a ji kome ba, sai a sa mata farin awarwaron roba a hannu. Wadda aka ji ƙulli a jikinta a sa mata ja. Mata tara suka sami ja, cikinsu har da mai ɗakina Sakinatu, wadda ban saba faɗin sunanta ba sai da dole irin ta wannan takarda. Dokta ta ce motarta za ta dawo kafin shuka ta kwashe masu ja zuwa babban asibiti, a yi masu gwaji da aiki kyauta. Ta ce direban ba zai san sunan kowa ba, hannu kawai zai duba, don haka kada wadda ta cire nata ko da wajen wanka. Ranka ya daɗe, a wancan makon masu fari har ƙyashi suke yi. Suka sa wa masu ja suna amaren Dokta, a bakin rijiya ana tsokanarsu wai su tuna da talakawa in sun ga birni, su taho da tsarabar sabulu mai ƙamshi. Sakinatu ta wanke zanenta na zuwa biki ta ninke shi a kwalla. Yana nan yadda ta ninke shi.

3. Ga inda matsalar take. Kafin ta tafi, Dokta ta roƙi mazan waɗannan mata su yi mata alkawari: ba za a kai su wurin wanzami ya tsaga ƙullin ba, ba za a shafa masu maganin gargajiya ba, ba kuma za a kwashe su zuwa wani asibiti daban inda za su ɓace mata ba, sai an jira motarta. Mai garinmu na lokacin, Allah ya jiƙansa, ya so ya nuna wa baƙuwa cewa Ɗantutture ba garin wasa ba ne. Ya sa aka kira Liman. Bayan la'asar, a gindin tsamiyar ƙofar gidansa, mu tara muka yi alwala muka dafa Alƙur'ani ɗaya bayan ɗaya. Mai gari ya ƙara da bakinsa cewa wanda duk ya saɓa, Allah ya mayar da ciwon kan 'ya'yansa mata. Muka ce amin, aka shafa. Dokta tana gefe tana murmushi tana ɗaukar mu hoto. Na daɗe ina juya wannan murmushi a raina, kuma abin da na fi zato shi ne ta ɗauka addu'ar sallama muke yi mata.

4. Shuka ta zo ta wuce, aka yi girbi, aka sake shuka, ga ta uku muna shiga. Mota ba ta zo ba. Malam Yunana ya rubuta wa makarantar sau biyu da hannunsa. Amsar da ta zo a watan Maris na 1987 ta ce Dokta ta tafi ƙasar waje ƙaro ilmi, kuma wannan aiki an kammala shi cikin nasara. Daga cikin mata tara, shida suna maƙabartar yamma da gari. Saura uku: Sakinatu, da Saudatu matar Ladan, da Rekiya. Ita Rekiya ƙullinta ya baje da kansa, tana daka tana surfe, amma ba ta cire nata ba, ta ce ba ta san ranar da za a tambaye ta ba. A bara motar takin zamani ta shigo gari, Saudatu ta jiyo ƙugin inji ta fito da ƙunshin kayanta a ka tana dafa bango, ta tsaya a bakin hanya har aka gama sauke buhuna. Ba wanda ya yi dariya. Tun daga ranar ban ƙara jin an ce amaren Dokta ba.

5. Na san za ka ce me ya hana mu kai su asibiti da kanmu. Mutum ɗaya ya taɓa saɓa rantsuwar, wato Ɗanmusa maƙeri. A watan Nuwamba na 1986 ya ga matarsa Talatu ba ta iya barci, ya ɗora ta a jaki ya kai ta wurin wani wanzami a Birchi, aka tsaga. Ba ta ga ƙarshen watan ba. Ba a gama zaman makoki ba sai maman babbar 'yarsa Hasana ya kumbura, tana cikin shayarwa. Malam Yunana ya ce wannan kumburin masu jego ne da aka saba gani, ya yi mata allura ta warke sarai. Na yarda da shi. Amma gari ya riga ya ga abin da ya gani, kuma har yau mutane ba sa son zama kusa da Ɗanmusa a wurin ɗaurin aure. Na je wurin Liman. Ya ce rantsuwa tana da kaffara, wannan tsakanin bawa ne da Ubangijinsa, amma alkawarin da aka ɗaukar wa mutum mai rai, shi mai shi ne ke saki. Mai garin da ya ɗora bakin ya rasu, ba zai janye ba. Duk da haka na ciyar da miskinai goma, na aro amalanke, na shimfiɗa tabarma a ciki, na ce wa Sakinatu ta tashi mu tafi Kurfi. Ta dube ni ta ce 'ya'yanta mata huɗu ne, ga jikoki, ba za ta sayi kwanakinta da ƙirjinsu ba. Ta ce in Dokta ta sake mu, ko da rarrafe za ta fita. Shekara arba'in muna tare, ban taɓa jin ta ƙi maganata kai tsaye ba sai ran nan.

6. Akwai wani abu da na lura da shi, wanda ban gaya wa kowa a gari ba. Wannan roba ba ta koɗewa. Rana ta cinye launin butocinmu da bokitanmu, amma jan nan yana nan kamar jiya aka sa shi. Ran da aka sa wa matan, sai da aka shafa sabulu kafin ya wuce tafin hannu. Daga baya hannu ya riƙa ramewa, awarwaro ya fara yawo, ya haura gwiwar hannu in an ɗaga, ya gangaro in an sauke. Sannan wata rana ya zare da kansa ya faɗi ƙasa. A matan nan shida, babu wadda ta yi wata biyu bayan nata ya faɗi. Mai wankan gawa ba ta san yadda za ta yi da su ba, sai ta riƙa aiko mini tunda an san ni da tara tarkace. Suna cikin gwangwanin madara a ƙarƙashin gadona, ba na haɗa su da duwatsuna. Ranar Alhamis da ta wuce Sakinatu tana tankaɗe a zaune, nata ya zare ya faɗa cikin ƙwarya. Ta tsame shi ta kaɗe gari ta mayar, ta ɗauka ban gani ba. Ina kuma yawan mafarkin farar motar nan tana shigowa ta gabas ba kowa a mazaunin direba, ta wuce ƙofar kowa a hankali, ta bi hanyar yamma. Na san ofis ba ya aiki da mafarki, na faɗa ne don ka san halin da nake ciki.

7. A watan Afrilu na wannan shekara na ji sunan Dokta a rediyo. Aka ce ta zama Farfesa, an ba ta lambar yabo, kuma likitocin ƙasashe da dama suna kafa hujja da rubutunta a kan yadda za a duba matan karkara da kuɗi kaɗan. Wallahi na ji daɗi, har na kira Ladan ya saurara. Bayan haka Malam Yunana ya nuna mini wata mujallar likitoci ta Turanci da ta zo masa, ya buɗe wani shafi, sai ga tsamiyar mai gari, ga mu tara da tafukanmu a sama. Ni ne na uku daga dama, da hular saƙi. Ya fassara mini abin da ke ƙasan hoton: wai ga garin da haɗin kan shugabannin addini ya sa babu mace ko ɗaya da ta bauɗe wa umarnin likita, kuma ya kamata a kwaikwayi wannan ko'ina. Ranka ya daɗe, gaskiya ta rubuta. Babu wadda ta bauɗe sai Talatu, ita ma ɗaukarta aka yi. Na sa ya duba mini shafukan da suka biyo baya ko akwai inda aka faɗi abin da ya sami matan, ya duba har bangon ƙarshe, ya rufe ya ce in sha ruwa.

8. Abin da ya sa na ce ba zan ƙara jira ba shi ne wannan. Makon jiya na je Barkiya gaisuwar mutuwa, na tarar wasu ɗalibai sun sauka a can da kwali biyu na awarwaro, fari da ja. Suka ce tsarin Farfesa suke bi, kamar yadda yake a littafi. Na tambayi babbansu yaushe mota za ta zo, ya ce wannan ba sashensu ba ne, su dubawa ce tasu. Na ji kuma ana neman limamin garin don a yi yadda aka yi a hoton. A kasuwar Kurfi na ga wata mai fura da ja guda uku a hannu ɗaya, ta ce saye ta yi wurin wata mata, don ya fi farin kyau.

Saboda haka, cikin ladabi da ƙanƙan da kai, ina roƙon ofishinka mai albarka abubuwa kamar haka:

Na farko, a nemo inda Farfesa Veronica Simeon take, a sanar da ita cewa hoton da ta ɗauka rantsuwa ce, kuma tana nan a wuyanmu. Ba ƙararta nake yi ba, ban kuma nemi a taɓa lambar yabonta ba.

Na biyu, a turo mota ta ɗauki Sakinatu da Saudatu da Rekiya. In motar ba ta samuwa, layi biyu sun ishe mu: ta rubuta da hannunta cewa ta sake mu, ta sa hannu. Liman ya yarda zai tara mutane a gindin tsamiyar nan a karanta, a shafa fatiha a kai. Amalanken yana ƙofar gidana, mai shi bai karɓa ba tukuna.

Na uku, a aika Barkiya a hana dafa Alƙur'ani a kan wannan aiki, kuma kada a ƙara sa wa mace ja sai motar da za ta ɗauke ta tana tsaye a wurin.

Ina ƙara tunasar da kai, ranka ya daɗe, cewa shamuwa ta sauka, an yi ruwa biyu. Da zarar rafin da ke tsakaninmu da Kurfi ya kawo, babu mota babu amalanke sai kaka. Tun bayan ranar Alhamis ɗin nan Sakinatu ta daina sa awarwaron a wuyan hannu, don ba ya zama, sai dai ta damƙe shi. Idan direban ya zo ya duba bai ga ja ba, don Allah a gaya masa kada ya wuce, ya sa ta buɗe tafinta.

Allah ya ƙara maka lafiya da tsawon rai, ya ba ka ikon duba wannan kuka da idon rahama.

Naka mai ladabi da biyayya,

Rabe Tukur
Unguwar Maƙera, Ɗantutture