Ki Sa Tsohon Takalmi, Glenys

Zuwa gare ki Glenys, furen dankalina mai buɗewa da hantsi, jar ƙasata da ba ta taɓa yi mini rowa ba, ruwan farko a kan kwanon ɗaki bayan dogon fari, inuwar da nake fakewa tun gashina yana baƙi. Gaisuwa mai yawa, da fatan teku bai juya miki ciki ba, ko da yake na san ko ya juya ba za ki faɗa mini ba, don kada in ce ai na faɗa.

Na aika takardar nan ofishin jirgin ruwanku na birnin Melbourne, sun ce za su miƙa miki kafin ku taso. Na liƙe bakinta da kyau. In kin ga alamar an taɓa ta, ki dubi idon mutumin nan mai gyara miki gado. Kai kuma mai buɗe wasiƙar mutane, karanta da kyau: matar nan tana da miji, yana tsibirin Tasmania, kuma da ransa.

Kin san ni da alƙalami ba ma shan inuwa ɗaya. Ban yi nisa a makaranta ba Baba ya cire ni ya tura ni gona. Amma abin da ke cina ya fi ƙarfin waya, don a waya ke ce da baki, kafin in haɗa magana kin katse ni.

Wannan ne jirgi na uku da ƙanwarki Noelene ta ja ki ciki. Tun da mijinta ya rasu ta rasa wanda za ta dama wa lissafi, sai ta juyo gidana. Sunayen jiragen nan ba sa zama a bakina, da launin bututun hayaƙinsu na san su, kuma duk abin da kika faɗa a kansu yana nan na riƙe, ko kin zaci ba na saurare.

Mai jan bututu, na farko, kin dawo kina cewa abinci ba ya yankewa, tebur kamar daga ƙofarmu zuwa bakin titi, nama kala-kala, kifi, ƙaguwa, kowa ya ɗiba har ya gaji. Na tambaye ki wanda ya rage ina ake kai shi, kika ce ba ni da aikin yi. To ni na sani, naman yau shi ne miyar gobe. Kuma abincin da ba ka ga hannun da ya dafa ba, aka zube shi a dogon kwami kowa ya sa kai, wannan ai kiwo ne, haka maƙwabcinmu Lindsay yake yi wa shanunsa.

Mai shuɗin bututu kuma, wanda kika ce na manya ne, a can ake kawo faranti kamar murfin tanki, loma ɗaya a tsakiya, an ɗiga mata miya an dasa mata ganye a ka, mai kawowa ya tsaya yana yi mata kirari har ta huce. A can ne aka ba ku wani mai baƙar kwat da farar safar hannu, ya buɗe akwatinki ya jera miki kaya a kabad. Kayanki, Glenys! Ni da na aure ki ban taɓa sa hannu a akwatinki ba. Kika ce aikinsa ke nan. Ai ɓarawo ma aikinsa yake yi. Kuma a jirgin nan ne kika ci dakakken dankali, kika dawo kika zauna a teburina, gaban dankalin da na haƙo da hannuna, kika ce ba ki taɓa cin mai laushin nasu ba. Har yau maganar tana nan kamar ƙaya a tafin ƙafa. Man shanu suka tula masa, shi ke nan sirrin. Ko takalmina aka dafa da man shanu haka, zai yi laushi.

Yanzu ga ki a mai farin bututu, wanda kika ce ya haɗa yawan na farko da ladabin na biyu. Kin ce akwai wani Rodel mai kawo shayi, tun ranar farko ya riƙe cewa ba kya son sukari. Yaushe kika daina son sukari, hasken idona? Shekara hamsin da ɗoriya ina kai miki shayi har gado da cokali biyu a ciki, kina shanyewa kina cewa an gode. Ko dai kin ɓoye mini ne duk tsawon nan, ko kuwa jirgi ya canja miki harshe, kuma ban san wanne ya fi mini ciwo ba. Ga mai gyaran gado yana naɗe tawul ya mai da shi agwagi biyu baki da baki, ya ajiye alewa a kan matashinki. Wa ya aike shi? Noelene ta ce kowane ɗaki haka ake yi. Na ji. Dila ma kowane akurki yake gaisarwa.

Duk wannan da na haɗiye, zumata, kamar yadda na haɗiye na baya. Hoton ne ya tsaya mini a wuya.

Na je karɓar madara wurin Lindsay da safe, sai matarsa ta miƙo mini waya tana murmushi, wai Noelene ta turo. Na ga ke ce, cikin koriyar rigar nan da kika ce kin ajiye sai bikin jikarmu. Kin jefa kai baya kina dariya, irin dariyar da rabona da ita tun kafin gwiwata ta lalace. Ga wani dogo mai farar kwat da furfura a kwance luf kamar an lashe, hannunsa a bayanki. A bayanki, Glenys, daidai inda yake miki ciwo in sanyi ya shigo, inda ni nake shafa miki magani.

Lindsay ya ga fuskata ya ajiye bokiti. Ya ce, "Des, kwantar da hankalinka, tsoho. Wannan ai kayan jirgi ne, kamar kujera. Kamfani ke ɗaukar irinsu, dattawa masu iya rawa, a ba su ɗaki da abinci, su yi ta rawa da matan da suka zo ba miji. An ma hana su yin rawa biyu a jere da mace ɗaya."

Na ce, "Matan da suka zo ba me?"

Ya ce, "Ba miji."

Na ce, "Ni kuma fa? Gawa ce ta zo karɓar madara?"

Ya ce, "To wa ya ce teku na kifi ne, shi ba kifi ba? Ba kai ba?"

Na bar masa madararsa na taho. Shi a ganinsa ya sanyaya mini rai, bai san wuƙa ya ƙara juyawa ba. Ashe a jirgin nan, in aka kunna kiɗa, ana duba matan da ba su da kowa, a tura musu ɗan haya, kuma ke kina cikinsu. Ke! Tauraruwar da samarin garinmu suka yi ta faɗa a kanta, an zaunar da ke a sahun waɗanda suka binne mazansu, ni kuwa ina nan ina ba tumatir ruwa. Kuma ban yarda da dokar nan ta rawa ɗaya ba. Wa ke ƙirgawa? Mutumin da ya yarda ya bar gidansa ya riƙa juyi da matan mutane don a ba shi tuwo, wace doka ce za ta riƙe shi?

Da kika kira ranar Lahadi na tambaye ki shi, kika ce sunansa Aubrey, mutumin kirki ne, kuma bai taɓa taka miki ƙafa ba ko sau ɗaya. Sannan kika sauke murya kika faɗi abin da ya hana ni cin abinci: "Baban Kerrie, ranar Alhamis jirgi zai tsaya tashar Burnie, kusa da gida. In na gan ka a bakin gaɓa da akwati, Noelene za ta sauka ta bar maka gadonta, Kerrie ta riga ta gama da kamfanin. In ban gan ka ba, na wuce Fremantle, in zauna wurin Kerrie. Na gaji da cin abinci kusa da kujerar da ba kowa." Ina jin Noelene daga baya tana cewa in turo karenmu a madadina, ya fi ni iya gaisuwa. Na san shiri ne, ku uku kuka ƙulla, ke da ita da 'yar da na goya a wuyana. Amma na san muryarki in kina wasa, kuma ranar ba wasa kike ba.

Bai taɓa taka miki ƙafa ba! Kin tuna rawar bayan haƙar dankali a zauren garinmu? Na zo da takalmin yayana, ya yi mini yawa, na cusa jarida a ciki. Na nemi ki taso mu yi rawa. Ba mu yi taku nawa ba na sauke miki ƙafa har igiyar takalminki ta tsinke. Na ce shi ke nan, na kashe kaina. Sai kika cire su duka biyun kika jefa ƙarƙashin benci, kika ƙarasa rawar da ƙafa tsirara. Da aka tashi na ɗauke ki na tsallake da ke tsakuwar fili har motar babanki, kika ce mini a kunne ban iya rawa ba amma na iya ɗaukar kaya. Me ya sa na taka ki, sanyin raina? Don idona yana kan fuskarki, ba ya ƙasa. Wanda bai taɓa taka ki ba, ƙafarsa yake kallo, ko agogo, ko matar da zai ɗauka bayanki.

Kin sha tambayata me ya hana ni bin ki, ina cewa gona. Kin san gonar tana hannun masu haya, 'yan kunyoyin bayan gida ne kawai nawa. Ba tsoron ruwa ba ne kuma, ko da yake jirgin fiton nan na Melbourne ya sa ni amai ya wulaƙanta ni a gaban jama'a, ban kuwa yafe masa ba. Abin shi ne, an ce cokula ake jerawa dama da hagu kamar kayan makanike, a miƙo maka takardar abinci da yaren da ko Noelene ƙarya take ta ce tana ganewa, mai farar safar hannu yana tsaye a kanka yana jira. Ni da nake bin rubutu da yatsa, in zauna a nan ana kallon matata ana kallon abin da ta aura? Na gwammace ki ce taurin kai ne.

Amma gidan nan ba ke, Glenys, rijiya ce ba ruwa. Kare ya kwanta a bakin ƙofa ya ƙi tashi, kaji sun rage ƙwai, agogon bango yana bugawa kamar da gayya. Ina dafa shayi sai in ga na sauke kofi biyu. Tsuntsayen bakin teku ma da suke tafiya ƙarshen duniya, raminsu na bara suke dawowa. Ke za ki wuce ta gaban naki ramin, kina hango jar ƙasarmu daga saman jirgi, ki ɗaga mata hannu? Wa zai ce mini in cire takalmi kafin in shigo? Wa zan yi wa ƙorafin farashin taki ya ce in rufe masa baki?

To ji. Na ciro kwat ɗin da na sa a bikin Kerrie. Maɓallin tsakiya ya ƙi, matar Lindsay ta matsar da shi. Jiya da la'asar na kunna rediyo a rumbu, na rungumi buhun dankali ina juyi da shi, sai ga Lindsay a ƙofa. Ya ce buhun ya fi ni sanin inda ake sa ƙafa. Ya yarda zai riƙe karen da kajin, bayan ya gama dariyar da Allah zai saka mini.

Ranar Alhamis ki duba bakin gaɓa, wajen da ake tara gungumen katako. Za ki ga wani tsoho da akwatin babanki mai igiya. Ba don abincinsu zan shiga ba, zan ci ne in faɗa musu gaskiya, musamman dankalin. Takardar abinci ke za ki karanta mini a hankali, kamar hira muke. Akwatina ba mai taɓa shi. Shayinki ni zan karɓa daga hannun Rodel in kai miki, ba sukari, tunda haka ne, amma sai kin dubi idona kin faɗa mini tun yaushe. Shi kuma Aubrey ki gaya masa ya huta, zawarawa na nan da yawa, Allah ya ba shi ƙafa.

In aka kunna kiɗa, ni zan taso ki. Gwiwar hagu ba ta lanƙwasuwa, kunnen dama ba ya jin ganga, kuma har yau fuskarki zan kalla. Don haka ki ajiye masu tsinin nan da kika saya don jirgi. Ki sa tsohon takalmi.

Naki tun daga zauren nan har ranar da za a rufe ni da jar ƙasa, a tudu ko a kan ruwa, ko da ina amai,

Desmond